Amsoshin Tambayoyinku: Bash ko Zsh, Wacce Zan Riƙe a Kwamfutata?

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Wasiƙarmu ta farko yau daga wani ɗalibi take, a Yalwa, nan cikin garin Bauchi. Ya ce ya ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, a kwamfutarsa, sai abokai suka sa shi gaba, wai ya ajiye Bash ya koma Zsh don ita ce ta zamani. Tambayarsa: wacce ya kamata ta riƙa tarbarsa duk sanda ya buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni?

To ƙanena, Bash da Zsh kowacce shel ake ce mata, ita shel kuwa tafinta ce. Kai ka rubuta umarni, ita ta isar wa na'ura, ta dawo maka da amsa. Batun zamani kuwa, abokanka ba su yi daidai ba. Brian Fox ya fitar da Bash a 1989 saboda aikin GNU na samar da manhajoji masu 'yanci, don ta gaji shel ɗin da Stephen Bourne ya yi wa babbar manhajar Unix a 1979. Zsh kuma Paul Falstad ya rubuta ta a 1990 yana ɗalibi a jami'ar Princeton ta Amurka. Shekara ɗaya ce tal tsakaninsu, sa'o'in juna ne. Abin da ya ɗaga sunan Zsh shi ne a 2019 kamfanin Apple ya mayar da ita shel ɗin da ke fara tarbar mutum a macOS Catalina, babbar manhajar kwamfutocinsa, bayan ya daɗe riƙe da tsohuwar Bash 3.2, bai ɗauki sababbin da suka fito ƙarƙashin lasisin GPL na 3, wato sababbin sharuɗɗan rarraba ta, ba. Kali Linux ma ta bi sahu a 2020.

Zsh tana da daɗin hannu, ba na musu. Tana ƙarasa maka umarni da kyau, tana gyara maka kuskuren haruffa idan ka saita ta. Amma ni dai shawarata ka zauna da Bash har hannunka ya faɗa. Ranar da aka kira ka gyaran sabar wata makaranta ko wani ofis, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, Bash ce ka fi samun tararwa a can, ba ado ba kwalliya. Idan kana son ɗanɗana Zsh, ka sauke ta, ka rubuta zsh kawai ka gwada. In ta kwanta maka, umarnin chsh -s /usr/bin/zsh zai mayar da ita taka, sai ka fita ka sake shiga.

Ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau. Shel ɗin asusunka ce kaɗai za ka canza. Kada ka taɓa ta asusun root, wato babban asusun mai iko da na'urar duka, domin in ka ɗora masa Zsh, wata rana ka goge ta ka manta, ka kulle ɗaki ke nan makulli yana ciki. Haka /bin/sh, gurbin shel ɗin da tsarin kansa ke aiki da ita, bar ta yadda ka same ta. Tun 2006 Ubuntu ta ɗora wata shel mai suna Dash a wannan gurbi, saboda ƙarama ce mai sauri, kuma ayyukan tsarin da yawa a kanta suke tafiya.

Wannan ya kai mu ga wasiƙar wata malamar kwamfuta daga Azare. Ta ce ta rubuta jerin umarni a fayil, tana gwada su ɗaya bayan ɗaya a allo suna yi, amma da ta kunna fayil ɗin sai ya riƙa kawo kuskure.

Malama, Allah ya ƙara basira. Duba layin farko na fayil ɗin, shi ke faɗin shel ɗin da za ta karanta shi. Idan #!/bin/sh kika rubuta, Dash kika kira, ita kuwa ba ta jin wasu kalaman Bash, kamar baka biyu-biyu na gwaji, wato [[ da ]]. Ki mayar da shi #!/bin/bash. Wajen kunnawa ma kada ki fara da sh, ki rubuta bash sannan sunan fayil ɗin. In ya sake ƙi, ki kwafo mana saƙon kuskuren yadda ya fito, harafi da harafi, mu duba shi tare a shiri na gaba in Allah ya kai mu.