Ka buɗe gidan burodi? Ga zancen inshorar ma'aikatanka

Ka kama haya, ka gina tanda, ka sayo injin kwaɓa fulawa, ka ɗauki yara biyar aiki. Madalla, Allah ya sa albarka. To amma ranar da injin nan ya cafke yatsun ɗaya daga cikinsu fa, Allah ya kiyaye, wa zai biya kuɗin asibiti? Wa zai riƙe iyalinsa wata uku yana jinya?

A yawancin jihohin Amurka, mai ƙaramar sana'a kamfanin inshora yake zuwa, ya yi ciniki, ya saya wa ma'aikatansa kariya. A Najeriya ba sai ka yi yawon neman mai araha ba. Tun watan Disamba na 2010, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, asusu ɗaya ne ake zuba kuɗin, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ce take riƙe da shi. Can za ka yi rajista, da takardun kasuwancinka na hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, da sunayen ma'aikata da albashin kowa.

Nawa ake biya? Kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata. Ka ce yaran nan biyar suna karɓar naira 400,000 gaba ɗaya, to naka naira 4,000 ne. Bai kai kwata na buhun fulawa ba. Kuma daga aljihunka zai fito, Alhaji. Doka ta hana a zaftare shi daga albashin ma'aikaci.

Ga inda mutanenmu ke yawan tuntuɓe. Sai ka ji mai gida ya ce, "Ai ba ma'aikaci ba ne, yarona ne, sana'a yake koya." A wajen doka ma'aikaci ne. Mai koyon sana'a, da ɗan aikin yini, da wanda kuka yi magana da baki kawai ba takarda, duk suna ciki. Kuma ba sai an tsaya shari'ar laifin wa ba ne kafin a biya. Ƙuna a bakin tanda, cutar da aikin ya jawo, har hatsarin da ya rutsa da shi a hanyarsa ta zuwa aiki daga gida, dokar ta haɗa da su. Idan mutum ya nakasa gaba ɗaya, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan rasuwa ce, iyalin da yake ciyarwa ake biya.

Af, in kana sha'awar kwangilar gwamnatin tarayya nan gaba, za a nemi takardar shaidar NSITF ɗinka.

Sai maganar lokaci, kuma nan ne haƙƙi ke salwanta. Wanda ya ji rauni yana da kwana 14 ya sanar da kai. Kai kuma kwana 7 gare ka ka kai rahoto hukumar. Neman diyyar kuwa, cikin shekara guda ake shigar da shi. Don haka ka ajiye littafi ɗaya a shago: ranar da abin ya faru, da ƙarfe nawa, wa ya gani, wane asibiti aka je. Rasit ɗin magani ma a liƙa shi a ciki tun ranar, kafin ya ɓace a aljihun wani.