Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Kayan Nesa Ke Fin Na Gida Araha?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga wani ɗan kasuwa ce a Kantin Kwari, Kano. Yana tambaya, yaya atamfar da aka ɗauko tun daga Sin take fin ta gida araha?

To Alhaji, tsadar wutar lantarki na ciki, amma kaso mai tsoka na amsar yana kan hanya. A 1956 wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Kafin nan 'yan dako ke jidar kaya buhu-buhu, jirgi ya yi kwanaki a tasha. Yau jirgi guda kan kwashi kwantena fiye da 20,000, don haka abin da ke hawa kan kowane turmi na kuɗin teku bai taka kara ya karya ba.

Bayan an sauke kaya ne ake jin jiki: jiran takardun kwastan a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuɗin ajiya da ke ƙaruwa kullum, ga shingaye daga Legas har Kano. Kada ka manta, mai masaƙa a gida ma ta wannan hanyar rininsa da kayan gyaran injinsa ke biyowa. Inji ya tsaya yana jiran ƙarfe ɗaya, albashi kuwa bai tsaya ba. A ganinmu, rashin sanin ranar isowar kaya ya fi nisan tafiya cutar da ɗan kasuwa. Shi ya sa ake sa ido kan tashar jiragen ruwa ta Lekki a Legas da tashar tsandauri ta Dala a Kano, waɗanda aka ƙaddamar a 2023.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi, tana cewa ƙasar da ba ta da teku ina makomarta?

Hajiya, kin gani da idonki. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano sai suka koma Lome, su ratso Burkina Faso da rakiyar sojoji, farashi ya tashi. Dogaro da ƙofa ɗaya ne matsalar. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai iya zama ƙofa ta biyu, muddin ba a bar kaya suna kwana a bakin iyaka ba.