Bhasma: Tokar Ƙarfe a Maganin Gargajiyar Indiya

Assalamu alaikum, jama'a. Yau zancenmu ya kai mu Indiya, wajen wani reshe na Ayurveda, wato maganin gargajiyar ƙasar, da ake kira Rasa Shastra, wanda jigonsa zaiba ce. Masu wannan sana'a suna haɗa magani da zinariya, azurfa, baƙin ƙarfe, kuza, dalma da farar wuta. Abin da ke fitowa suna kiransa bhasma, wato toka.

Kada ku ɗauka aikin ganganci ne. A ɗauko ƙarfe, a buge shi ya yi fale-fale, a gasa har ya yi ja, a tsoma a man riɗi. A sake gasawa, a tsoma a tsala, sannan a fitsarin saniya. Daga nan a niƙa shi da ruwan ganyaye, a rufe tsakanin kasko biyu, a liƙe da yumɓu, a binne a ramin busasshen kashin shanu, a cinna wuta. Wani ƙarfen sai an maimaita masa haka sau da dama.

To, yaya suke sanin ya nuna? Su barbaɗa a kan ruwa, in ya tsaya bai nutse ba, ya yi. Ko su murza tsakanin yatsu, su ga ko ya shige layukan fata. A nan nake so ku natsu. Wannan gwajin laushin gari kawai yake nunawa, ba ya gaya maka ko gubar ta fita. Dalma ko an ƙona ta sau ɗari, dalma ce.

A wani bincike da aka wallafa a 2004, Dakta Robert Saper da abokan aikinsa sun sayo magungunan Ayurveda 70 a shagunan Boston ta Amurka. An samu dalma, zaiba ko arsenik a guda 14. A wani binciken da suka wallafa a 2008 sun gwada 193 da aka saya ta intanet, kusan kashi 40 cikin ɗari na masu Rasa Shastra suna ɗauke da waɗannan guba.

Mu kuwa ba sai an ba mu labarin dalma ba, mun ga yaran da ta kashe a Zamfara a 2010. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana bai wa mai ciki ko jariri irin wannan gari ba tare da an kai shi ɗakin gwaji ba.