Amsoshin Tambayoyinku: Ɗakin Kwana, Barci da Mafarki

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙonnin wannan mako kusan duka kan abu ɗaya suka taru, wato yadda mutum zai kimtsa ɗakin kwanansa ya samu barci mai daɗi da mafarkin alheri. Ga Malam a damana, ga Likita a haguna. Lokacinmu kaɗan ne, bari mu fara.

Wani bawan Allah daga Maraɗi yana tambaya, shin dole ne gado ya fuskanci alƙibla? Allah gafarta Malam?

Malam: Ba dole ba ne. Abin da ya zo a sunna shi ne ka yi alwala, ka kakkaɓe shimfiɗa sau uku, ka kwanta ta gefen dama.

Mai gabatarwa: Ka ji, kada ka wahalar da iyali da jan gado. Sai wata amarya daga Gusau, ta ce takan bar kaskon turaren wuta da garwashinsa har safe, don ɗaki ya kwana da ƙamshi. Haba amarya! Ƙamshi muna so, amma ranki ya fi mana turare.

Malam: Ai an taɓa yin gobara a wani gida a Madina da dare, da labari ya kai ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya ce wutar nan abokiyar gabarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi.

Likita: Kuma ko gobara ba ta tashi ba, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum yana barci za ta kwashe shi. Da sanyin hunturu aka fi yin wannan ganganci, a rufe taga a kwana da garwashi. Janareta ma haka yake, kada a ajiye shi a gindin taga. Ki turara ɗakinki da magariba, ki fitar da kaskon, ki bar iska ta ratsa.

Mai gabatarwa: To, ga tambayar da ta fi yawa, daga Kano, daga Zariya, daga Damagaram, har daga zangon Kumasi. Bari in karanta ta wani ɗalibi. Ya ce: "Nakan farka cikin dare idona biyu, ina ganin ɗakin, amma ba na iya motsa ko yatsa. Ina jin an danne mini ƙirji, ina son yin ihu, murya ba ta fita. An ce aljani ne a ɗakin, in canja." Wannan dai dannau ke nan. Likita, bismillah.

Likita: Ɗana, kwantar da hankalinka, mutane da yawa sun san wannan. Barci hawa-hawa ne, yana zagayawa kusan kowane minti 90. A matakin da aka fi yin mafarki, ƙwaƙwalwa takan sassauta gaɓoɓin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. To, wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa. Ka farka, jikin bai farka ba tukuna. Daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintoci, ya wuce. Ya fi kama mai ƙarancin barci, da mai damuwa, da mai kwanciyar rigingine. Baligi yana bukatar aƙalla awa 7. Ɗalibi mai raba dare da shayi mai kauri da goro, ga waya a hannu har ƙarfe biyu, ai shi ya gayyato shi. Idan abin yana yawan zuwa, ko kana gyangyaɗi da rana ba dalili, ka zo asibiti.

Malam: Ni kuma abin da zan ƙara, mafarki kashi uku ne kamar yadda hadisi ya faɗa. Akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwa daga Shaiɗan, akwai kuma abin da mutum ya wuni yana saƙawa a zuciyarsa. Na ukun nan shi ya fi yawa a wurinmu yau. Kuma ku duba Nana Faɗima, hannunta ya yi kanta saboda niƙa, ta je neman mai aiki wurin mahaifinta. Me ya ba ta ita da Sayyadina Aliyu? Ya ce idan za ku kwanta ku yi Subhanallahi 33, Alhamdu lillahi 33, Allahu Akbar 34, ya fi muku mai aiki. Mu da muke yara, iyayenmu mata ba sa bari mu kwanta sai mun tofa a tafin hannu…

Mai gabatarwa: Malam, ɗalibin nan fa, ya canja ɗaki ko ya zauna?

Malam: Ya zauna! Ya share ɗakinsa, ya karanta Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu, ya shafe jikinsa sau uku. In ya yi mummunan mafarki, ya yi tofi kaɗan ta hagu sau uku, ya nemi tsarin Allah, ya juya ɗaya gefen, kuma kada ya ba kowa labari.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masu tambayar suna da yawa. Kada ka canja ɗaki. Ka samu isasshen barci, ka rage shayin dare, ka kwanta ta dama, ka yi azkar ɗinka. Mummunan mafarki kuma ba a ba da labarinsa. Na sake faɗa, ba a ba da labarinsa, balle a tura shi guruf ɗin WhatsApp a ce jama'a su fassara. Wallahi abin nan yana damuna. Uwa ta yi mafarkin haƙorinta ya fita, wani da bai san komai ba ya ce mata mutuwa ce, ta wuni tana kuka. Ku ji tsoron Allah, ku daina.

Wata Hajiya daga Katsina tana tambaya kan littafin fassarar mafarki da ake sayarwa a bakin masallaci da sunan Ibn Sirina.

Malam: Shi dai babban tabi'i ne na Basra, ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, amma malamai da yawa sun ce jingina masa littafin aka yi. Hajiya, mafarkin alheri ki faɗa wa wanda yake ƙaunarki kawai.

Mai gabatarwa: Na ƙarshe, wani magidanci daga Bauci ya ce maiɗakinsa ta hana shi kwana da waya a ƙarƙashin filo. Alhaji, ita ke da gaskiya, ka ajiye ta can nesa da gado, ka sauke gidan sauro, ka kashe fitila. Ga shi ana ɗaga mini hannu, lokaci ya cika. Masu tambaya kan barcin yara, ku yi mana haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, Likita, mun gode. A kwana lafiya.