Wa Ya San Ranar da Aka Haifi Shata?

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka.

Bari in fara da tambaya. A cikinku wa zai faɗa mini ranar da aka haifi Alhaji Mamman Shata? Kun ji shiru. Amma da rasuwarsa na tambaya, da hannuwa sun tashi: 18 ga Yuni, 1999, a nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka binne. Haihuwar kuwa, abin da aka fi rubutawa shi ne Musawa, 1923. Shekara kawai muke riƙe da ita.

Ku leƙa Legas. An haifi Fela Kuti ranar 15 ga Oktoba, 1938, ya rasu a 1997, amma har yau duk makon haihuwarsa sai an yi kwanaki ana bikin Felabration. Haka mutanen Jamaika suke yi wa Bob Marley kowace 6 ga Fabrairu. Su ranar zuwa suka kama.

Mu kuwa ranar tafiya muka kama, kuma ba sakaci ba ne. A zamanin su Shata da Ɗanƙwairo, a ɗaki ake haihuwa, ungozoma ta yanke cibi, ranar bakwai liman ya raɗa suna, wanzami ya yi aski. Babu mai biro a wurin. Ranar tana shiga cikin sunan ne: Ɗanladi, Balarabe, Talatu, Asabe, Ɗan'azumi. Shekara kuma sai a ce ta fara, ko ta yunwa, ko wadda sarki wane ya hau. Kakata, Allah ya jiƙanta, in ka tambaye ta shekarunta sai ta ce ai da kaka aka haife ta, ana yankan gero. Shi ke nan, ka je ka yi lissafinka.

Mutuwa fa? Tana da jana'iza, da zaman makoki, da sadakar uku da ta arba'in, ga rediyo yana sanarwa. Shi ya sa duk 10 ga Disamba za ku ga hotunan Rabilu Musa Ibro sun cika Facebook, tun rasuwarsa a 2014, kowa na rubuta Allah ya gafarta masa. Ɗan Maraya Jos ma Yuni ne watansa, tun 2015.

Akwai wani ɗalibi can baya ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, a miƙa masa lasifika.