Dusar Ƙanƙarar Farko a Kan Tsaunuka da Abin da Ke Biyo Bayanta

Masu kallonmu, barkanmu da warhaka. Ku dubi wannan tsauni da kyau. Daga gindinsa zuwa tsakiyarsa itatuwa suna nan da ganyensu, wasu kore shar, wasu sun fara komawa ruwan ɗorawa, amma daga wani wuri zuwa ƙololuwa komai ya yi fari fat, kuma iyakar da ta raba farin da koren a miƙe take kamar an ja ta da zare. Jiya da yamma babu wannan farin, cikin dare ɗaya ya sauka. Wannan ita ce dusar ƙanƙarar farko ta shekara, wadda kan sauka a tsaunukan arewacin duniya, irin su Alps na Turai da Roki na Amurka da Himalaya na Asiya, a watan Satumba ko Oktoba, tun hunturu bai kankama ba. A kudancin duniya kuwa, kamar tsaunukan Andis, sai wajen Afrilu ko Mayu ake ganinta. Sau da dama kaurinta bai taka kara ya karya ba, amma abin da ya same ta a makonnin da suka biyo bayan saukarta yana iya bin wannan gangare har ƙarshen hunturu.

Bari mu fara da wannan miƙaƙƙiyar iyaka. Duk sanda mutum ya ƙara hawa mita 1,000, zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos. Idan garin da ke cikin kwari yana kan tsayin mita 500 kuma ma'auni ya nuna digiri 10, to a tsayin mita 2,000 sanyi ya riga ya kai wajen sifiri, inda ruwa ke daskarewa. Saboda haka hadari ɗaya ne yake zubar da ruwa a kan rufin gidajen kwari, yake kuma zubar da dusar ƙanƙara a bisa. Tsaunin ma da kansa yana da hannu a ciki, domin idan iska mai ɗauke da danshi ta ci karo da shi ba ta da hanyar wucewa sai ta hau, tana hawa tana yin sanyi, har tururin da ke cikinta ya zama gajimare.

A cikin gajimaren nan, tururi yana mannewa a jikin ƙwayar ƙura ya daskare kai tsaye, ya fitar da ƙwayar ƙanƙara mai kusurwa shida. Masanin Japan Ukichiro Nakaya, wanda ya fara ƙirƙirar ƙwayar dusar ƙanƙara a ɗakin gwaji a shekarar 1936, ya nuna cewa siffar kowace ƙwaya ta dogara ne da sanyi da danshin iskar da ta girma a ciki, kuma masu rassa kamar tauraro sun fi fitowa a wajen digiri 15 ƙasa da sifiri. Ƙwayoyin ba sa narkewa nan take idan sun faɗo cikin iska mai ɗan ɗumi, suna iya sauka kimanin mita 300 ƙasa da layin sifiri kafin su koma ruwa. Idan zubar ta yi ƙarfi, narkewar da suke yi tana tsotse ɗumin iskar, sai iyakar ta riƙa gangarowa sannu a hankali har ta iso wuraren da ba a sa ran ganinta ba.

Dusar da ta sauka a irin wannan yanayi jiƙaƙƙiya ce, mai danƙo da nauyi. A ƙa'ida, idan aka narkar da santimita 10 na sabuwar dusa akan sami kusan santimita ɗaya na ruwa, amma jiƙaƙƙiyar dusar farkon lokaci tana iya ninka wannan. Ga shi kuma ta tarar da itatuwa ba su kaɗe ganye ba, kowane ganye ya zama faifan da zai tare ta, har reshe ya gaza ɗauka ya tsage, ya faɗo a kan wayar lantarki. Haka aka gani a ƙarshen Oktoban 2011 a arewa maso gabashin Amurka, inda gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan uku suka rasa wuta. A farkon Oktoban 2013 kuma, a yankin tsaunukan Black Hills na jihar Dakota ta Kudu, ruwan sama ne ya fara jiƙe shanu sharkaf, sannan dusa da iska mai ƙarfi suka biyo baya, alhali dabbobin suna makiyayar bazara kuma gashin hunturunsu bai fito ba. Dubun-dubatar shanu suka mutu. Wannan ne dalilin da ya sa makiyayan Alps, tun kaka da kakanni, suke saukowa da garkensu daga tuddai a watan Satumba, ba sa jiran sai sun ga fari a ƙofar ruga.

Mutane ma ba su tsira ba. A tsakiyar Oktoban 2014, ragowar guguwar Hudhud da ta taso daga tekun Bengal ta isa Nepal, ta zubar da dusa mai yawa a yankin Annapurna a daidai lokacin da matafiya suka fi cika hanyoyin, saboda an saba samun sararin sama garau a wannan wata. Mutane fiye da 40 suka rasa rayukansu, da yawa daga cikinsu a kusa da mashigar Thorong La mai tsayin mita 5,416. Abin da ya fi ciwo a nan shi ne galibinsu sun fito ne da shirin kaka, hunturu ya riske su a hanya.

To, hadari ya wuce, gari ya waye, rana ta fito. A nan ne labarin da ya fi muhimmanci yake farawa, kuma shi ne wanda ido bai cika lura da shi ba. A gangaren da ke fuskantar rana, dusar kan narke cikin kwana biyu ko uku, domin ƙasa tana riƙe da ɗumin bazara. Amma a gangaren da ke cikin inuwa, wato mai fuskantar arewa a arewacin duniya, tana iya zama ta yi makonni, siririya, babu wadda ta sauka a kanta. Ƙasar da ke ƙarƙashinta tana nan a wajen digiri sifiri, saman dusar kuwa, a daren da babu gajimare, yana iya kaiwa digiri 10 ko 15 ƙasa da sifiri. Ku auna wannan tazara a cikin dusar da kaurinta bai wuce santimita 30 ba. Masana sun daɗe da gano cewa idan bambancin sanyin ya kai digiri 10 a kowace mita ɗaya ta kauri, tururi yakan riƙa tashi daga ƙwayoyin ƙasa masu ɗumi yana daskarewa a jikin na sama, kuma a misalin da muka kawo bambancin ya ninka wannan iyaka fiye da sau uku.

Sakamakon haka ƙwayoyin suna sake siffa gaba ɗaya. Rassan nan masu sarƙewa da juna suna ɓacewa, a maimakonsu sai a sami manyan ƙwayoyi masu kaifin gefe, wasu ma da rami a ciki kamar ƙaramin kofi, waɗanda ba sa kama juna ko kaɗan. Masu aikin tsauni suna kiranta dusar sukari, kuma sunan ya dace da ita. Idan mai bincike ya haƙa rami a watan Janairu har ya taɓo ƙasa, zai ga saman bangon ramin da tauri, sai ya sa ƙarfi kafin yatsa ya shiga, amma da ya kai hannu can ƙasa sai dunƙulen hannunsa ya nutse ba wuya, ya ɗebo ƙwayoyin su zube ta tsakanin yatsunsa suna ƙyalli. Duk yadda ya matsa su a tafin hannu ba za su dunƙule ba. Wannan ita ce dusar Oktoba, wata uku bayan saukarta, kuma a kanta ne duk nauyin dusar hunturu ya zauna.

Haɗarin a bayyane yake. Dusar Disamba da Janairu tana taruwa, iska tana daddale ta har ta zama faffaɗan falle guda mai nauyi, alhali tushenta rugu-rugu ne. Nauyin mutum ɗaya mai wasan zamiya ya isa ya rushe wannan tushe, a ji wani gumm daga ƙarƙashin ƙafa, tsaga ta ruga a guje ta ratsa gangaren, fallen ya ɓalle ya zaftaro baki ɗaya. Irin wannan zaftarewa ta fi aukuwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45. Ta fi kuma addabar tsaunukan da ke nesa da teku, masu tsananin sanyi da ƙarancin dusa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Kolorado ta fi kowace jiha a Amurka yawan waɗanda zaftarewar dusa ta halaka. Cibiyar nazarin dusar ƙanƙara da zaftarewarta da ke Davos a Suwizalan, wadda aikinta ya faro a 1936, har yau tana bibiyar irin waɗannan raunanan shimfiɗu a kowane hunturu. A ganina, wanda ya fahimci wannan zai daina auna dusar farko da yawanta kawai. Alheri shi ne ko dai ta narke ƙaf, ko kuma wata mai kauri ta rufe ta da wuri. Mafi muni shi ne ta sauka kaɗan, sannan sama ta yi garau na tsawon makonni.

Kada a ɗauka cewa babu amfani a tattare da ita. Sabuwar dusa tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken rana zuwa sama, don haka idan ta lulluɓe daskararrun kogunan ƙanƙara a ƙarshen bazara takan tsayar da narkewarsu, abin da ake matuƙar buƙata idan aka tuna cewa na Suwizalan sun yi asarar kusan kashi 10 cikin ɗari na girmansu a shekarun 2022 da 2023 kaɗai. Idan ta yi kauri, tana zama bargo ga ƙasa da saiwoyi da ƙananan dabbobin da ke haƙa hanyoyinsu a ƙarƙashinta. Zomon tsauni kuwa, wanda gashinsa ke komawa fari, raguwar tsawon yini yake bi wajen sauya launi, ba saukar dusa ba, don haka idan ta zo da wuri sai ta tarar da shi da launin ƙasa a kan farin fili, a idon kowane maharbi.

Akwai kuma tambayar da kowa ke yi: shin dusar da ta zo da wuri alama ce ta hunturu mai albarka? Amsar ita ce ba lalle ba ne, domin hadari ɗaya na Oktoba ba ya faɗin abin da Janairu zai kawo. Shi ya sa a Kalifoniya, inda dusar tsaunukan Sierra Nevada ke samar da kusan kashi 30 cikin ɗari na ruwan da jihar ke buƙata, awon da aka fi dogara da shi shi ne na wajen 1 ga Afrilu, lokacin da tarin ya kai ƙarshen girmansa.

Masu hasashen zaftarewar dusa kuwa ba sa jiran Afrilu. Da zarar hadarin farko ya wuce, sukan fita da kyamara da taswira, su bi tsauni gangare bayan gangare, suna rubuta inda farin ya narke da inda ya maƙale, a wane tsayi, yana fuskantar wace kusurwa. Suna gaggawar kammala wannan aiki ne kafin dusar Nuwamba ta sauka, domin da zarar ta rufe ko'ina, gangaren da ke da ruɓaɓɓen tushe da wanda ke da lafiyayye duk kamanninsu ɗaya ne a ido.