Amsoshin Tambayoyinku: Giyar hannu ko otomatik a motar gudu?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke cewa: "Tun ina yaro nake jin cewa mota mai giyar hannu ta fi otomatik gudu. Har yanzu haka abin yake?"

To Malam, a da gaskiya ne, yanzu kam labari ya sha bamban. Otomatik ta da giya uku ko huɗu gare ta, kuma wani kaso na ƙarfin inji yana salwanta a cikin man da ke juya giyabos. Yau dubi Porsche 911 GT3 ta 2021. Daga tsaye, mai otomatik tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.4, mai giyar hannu kuwa sai 3.9, alhali injinsu iri ɗaya ne. Wannan rabin daƙiƙa tana tafiya ne wajen tashi, da kuma lokacin da direba zai ɗaga ƙafa daga totur, ya taka kuloci, ya sauya giya, ya saki. Duk tsawon lokacin nan taya ba ta samun ƙarfi.

Sai dai otomatik ɗin motocin gudu ma yawanci iri biyu ce. Akwai mai kuloci biyu, wadda Volkswagen ke kira DSG, Porsche kuma PDK. Kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta 1, 3, 5, ɗayan yana riƙe da 2, 4, 6. Kana cikin ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, sai kwamfuta ta saki wannan kuloci ta kama wancan kafin ƙiftawar ido. Ɗaya irin kuma ita ce mai aiki da mai, wato mai ne ke isar da ƙarfin inji zuwa giyabos, kamar ta kamfanin ZF mai giya takwas da ke cikin BMW M3 ta yanzu da Toyota GR Supra. Wannan ta fi laushi a tafiyar hankali, kuma tana jure inji mai ƙarfi sosai.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce, tana tambaya: "Wacce ta fi saurin lalacewa?"

Hajiya, kowacce da inda take ciwo. Mai kuloci biyu ba ta son cunkoso. Idan ana ɗan sakin birki mota tana rarrafe, kulocin bai kama ba bai saki ba, gogawa yake yi yana zafi, musamman busasshen da ba ya cikin mai. Dabara ita ce a tsaya cak, a bari tazara ta buɗe, sannan a matsa. DSG mai giya shida, wadda kulocinta ke cikin mai, ana sauya mata mai da filta duk bayan kilomita 60,000. In aka yi sakaci, dattin kuloci zai toshe ƙananan bawul na na'urar da ke sarrafa giya, mota ta fara fizga. Kuma man da kamfani ya rubuta shi za a zuba, kada a ce ai duk man giya ɗaya ne.

Giyar hannu kuwa yawanci direba ne ke kashe ta. Ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya yana cinye faranti da boris. Mafi muni shi ne kuskuren giya: ana tsala gudu a ta biyar, a nufi ta huɗu, hannu ya kuskure ya faɗa ta biyu. Nan tayoyi ne za su tilasta wa inji juyawa fiye da ƙima, kwamfuta ba ta da ikon hanawa, fistan ya daki bawul ya lanƙwasa su. Otomatik ba ta yarda da wannan umarni, ko an ja maɓallin sauya giya da ke bayan sitiyari ƙin sauka za ta yi.

Mai sayen mota mai giyar hannu wadda aka riga aka yi amfani da ita ya gwada: a giya ta huɗu ana tafiya a hankali, ya danne totur ƙasa. In allurar juyin inji ta yi sama amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya fara sulɓi.

Sai wani matashi da ya ce a taƙaice mu zaɓa masa. To ɗan'uwa, in agogo kake tsere da shi a filin tsere, ko kullum kana cikin cunkoso, ɗauki otomatik, don cunkoso kuma mai aiki da mai ta fi. In kuwa daɗin tuƙi kake nema, giyar hannu ce, kuma a GT3 ta fi sauƙin nauyi da kilo 17. Porsche ta taɓa cire ta daga wannan mota a 2013, masu saye suka yi ca, ta dawo da ita a 2017. Amma fa ka fara duba ko motar da kake so tana da ita: Corvette tun ƙirar 2020 mai kuloci biyu kawai ake yi, Honda Civic Type R kuwa giyar hannu ce zalla.

Mu haɗu a mako mai zuwa da sauran wasiƙunku.